Wa ya yi wannan? Kayan Sallar da na sayo daga hannun masu yin su

Ina da wata takarda da nake ajiyewa a cikin rajistar ajina, a kanta nake rubuta mutanen da zan yi wa alherin Sallah. Hajiyarmu ce a sama, sai uwar mijina, sai Kawu da ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, sai maigidan, ƙannena mata biyu, 'ya'yan yayata, da wata ƙawata da aure ya kai Damagaram. Shekara da shekaru hanyata ɗaya ce. Idan azumi ya kai ashirin in kwashi adashina in nufi Kantin Kwari, in sayi atamfa da mayafai, in ɓulla Sabon Gari in haɗa da takalma da jakunkuna, kafin la'asar na dawo gida na ɗora girkin buɗa-baki. Ban taɓa tambayar wa ya yi kayan ba, don na san amsar, kwantena ce ta kawo su.

Abin da ya sauya mini hanya a Sallar da ta wuce a gidan maƙwabciyata ya faru. Cikin watan Rajab na shiga duba ɗanta da ba shi da lafiya, na same ta a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta duƙufa a kan hula. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta, da wannan allurar take ciyar da yara biyar. Na daɗe ina ganin ta da ɗinki a hannu, amma ran nan ne na zauna na kalla da kyau. Farin ƙyalle ne an zana masa fasali da biro, ita kuma tana bin zanen tana huda 'yan ramuka, kowane rami ta zagaye shi da zare har ya zama ɗan ido, ido kusa da ido, launi bayan launi. Faɗin tafin hannu yakan ci mata yini biyu. Hula guda kuwa mako uku ce zuwa wata, in yara suna lafiya kuma idonta bai yi ruwa ba.

Na ce, "Yaya, nawa ake ba ki in kin gama?"

Da ta faɗa mini sai na yi shiru. Kuɗin bai kai na kwanon shinkafa uku ba. Irin hular nan kuwa na san abin da maigidana yake biya a shago. Ta yi murmushi ta ce, "Malama, ai kin san kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ba na cewa mai kawo mata aikin azzalumi ne. Shi ke sayen ƙyalle da zare, shi ke biyan mai zane da mai wankin hula, ga hayar shago, ga hular inji mai araha da ta cika kasuwa tana karya masa farashi. Amma duk yadda aka lissafa, wadda idonta ke ƙarewa ita ce ta ƙarshe a rabon, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da ita.

A nan take na ce ta ɗinka mini biyu, ta maigida da ta ƙanensa, ni zan sayi zare, in biya ta abin da zan biya a shago. Ta ce, "In na Sallah kike so, gobe ya kamata a ɗora allura." Wannan maganar ce ta fara nuna mini cewa tsarin da na saba ba zai yi ba. Aikin hannu ba ya jiran ashirin ga azumi. Da sanyin safiya ake kama fara, ni kuwa kwasata a adashi sai ashirin ga Ramadan. Washegari a makaranta na sami uwar adashi, ta haɗa ni da wata malama da kwasarta ta faɗo farkon Sha'aban, muka yi musaya, ita ma ta fi son kuɗinta dab da Sallah. Da kuɗin suka shigo na ɗauko takardata na sake rubuta ta, gaban kowane suna na sa sana'a maimakon kaya: rini, dukanci, saƙar kaba, rubutu.

Kasuwar Kurmi na fara zuwa, ranar wata Asabar, tare da ƙanena. A Kano aka haife ni, amma in ban da rakiyar sayen kayan ɗaki ban taɓa shiga cikinta sosai ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin kasuwar nan, kuma lungunanta har yau mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace. A layin kayan fata na ga wata jaka ja mai ado, na tambayi yaron shagon ko aikin gida ne, ya ce ƙwarai kuwa. Muka yi ciniki na biya. Ban yi nisa ba na tsaya gaban wani dattijo da ke zaune a kan buzu yana yankan fata, na gaishe shi, na nuna masa jakar ina tambayar ko zai iya yi mini irinta. Ya karɓa, ya juya ta, ya kai hanci, ya miƙo mini.

"'Yata, wannan ai roba ce."

Bai yi mini dariya ba, sai ya jawo wata fatar akuya daga gefensa ya ce in sansana. Wari ne mai ɗan ɗaci, na bagaruwa, wadda majema ke jiƙa fata da ita. Ya ce in duba bayan fatar, na ga gashi-gashi ne mai laushi, bayan jakata kuwa ƙyalle ne aka manna. Ya ɗiga ruwa a kan kowacce, fatar ta sha ta yi duhu, a kan jakar ruwan ya gangare. Sannan ya nuna mini ɗinki: inda basilla ta huda, tazarar ba ta zama daidai wa daida, kuma da siririn tsinken fata ake ɗinkewa. Jan launin nan da aka san fatar Kano da shi, ya ce, daga karan dafi ake samo shi, baƙin kuma kuloko ne. Irin wannan fata ta jar akuya ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su.

Daga wurinsa na koyi tambayar da ta yi mini amfani har ƙarshe. In ka ce "aikin gida ne?" kowa zai ce maka e. Sai dai ka ce, "Wa ya yi, kuma a ina yake zama?" Mai kayan gaskiya zai nuna maka lungu, ko ya ce wane ne a Dukawa, ko ya kira shi a waya a gabanka. Wanda ya fara kame-kame, ka yi masa sallama.

Na yi wa uwar mijina odar takalmi da 'yar jakar hannu, sannan na kawo maganar da ta fi damuna. Kawu yana da Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa, wanda ya gada wurin malaminsa. Gafakarsa ta mutu tuntuni, a cikin leda yake naɗe shi. Dattijon ya ce zai yi, amma sai na kawo awo, tsawo da faɗi da kauri, don gafaka in ta yi yawa takardu su riƙa yawo gefensu ya ci, in ta matse a yage su wurin fitarwa. Ba na son Kawu ya sani, sai na roƙi matarsa ta auna mini da zare lokacin da ya tafi masallaci. Zare uku ta ba ni, kowanne da ƙulli a inda awon ya tsaya, na kai su a cikin ambulan. Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya rubuta sunana da alli a jikin bango cikin jerin wasu sunaye.

Marinar Ƙofar Mata ita ce ta fi cin lokacina, kuma ita na fi jin daɗin zuwa. Sau ɗari na wuce ta gabanta in za ni asibitin Murtala, ban taɓa leƙawa ba, a zatona wurin baƙi ne masu ɗaukar hoto. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Da ka shiga za ka ga bakunan rijiyoyi jere a ƙasa, sai dai mafi yawansu sun bushe, wasu shara ta cike su, kaɗan ne ke da ruwa an kife su da murfi. Samari suka taso za su zagaya da ni, na yi musu godiya na ce wurin marini na zo. Suka nuna mini wani tsoho da ke zaune a bakin rijiyarsa, hannayensa sun rine har gwiwar hannu.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Zane nake so na mahaifiyata, amma ina son in ga yadda ake yi."

Ya ce in zauna. Ruwa da toka da baba da kanwa ake haɗawa, ya ce, a bar su kwanaki suna ruɓa ana motsawa da muciya, har kumfa ta taso kanta ya yi sheƙi, sannan rijiya ta nuna. In ta gaji aka kwashe ta, laka da ke ƙasa ita ce katsi, a busar a ƙona a sake amfani da ita, kuma da ita magina na da ke haɗa laso da ake shafe rijiyar da shi don kada ta tsiyaye. Yana magana yana aiki. Ya tsoma farin ƙyalle, ya murza shi a cikin ruwan, ya ɗago. Abin da ban taɓa sani ba, kore yake fitowa. Ya riƙe shi a iska, ina kallo koren nan ya riƙa juyewa yana zama shuɗi tun daga gefe. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Haka ake yi, tsoma ɗago, tsoma ɗago, gwargwadon duhun da mai kaya ke so, wani minti kaɗan, wani sa'o'i. Ya ce iskar ce ke rini, shi dai mai kai mata ne.

Adon da ke jikin zanen kuwa ba shi ke yi ba. Mata ne a cikin gidaje ke ɗaure farin ƙyallen da zare, ƙulli-ƙulli, inda aka ɗaure baba ba ya shiga, in an kwance sai fure ya fito. Kowane ɗauri da sunansa, ya nuna mini wata da tauraro, da amarya da ango. Na zaɓar wa Hajiya wata da tauraro, na zaɓar wa ƙawata ta Damagaram ɗayan, don kayan fata ba abin da zan kai mata ba ne, garinsu gidan dukawa ne. Na tambaye shi ko zan iya ba mai ɗaurin wani abu da hannuna. Ya dube ni, ya ce tunda yake ba a taɓa tambayarsa haka ba, sannan ya haɗa ni da jikansa ya raka ni wani gida a bayan marinar. Matar ta ɗauka kuskure ta yi a aikin aka zo ƙorafi. Da ta gane abin da ya kawo ni, sai da ta sa aka sayo mini ruwan sanyi.

Bayan kwana goma na koma aka kai zannuwan wurin masu bugu. Mutum biyu ne suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da tabaryarsa, suna sauke ta bi da bi kamar masu daka har ƙyallen ya kwanta ya ɗauki ƙyalli. Irin bugun da ake yi wa turkuɗin Kura ke nan, wanda Buzaye ke naɗawa, sai dai shi ana ƙara masa shuni. Baba ya gargaɗe ni cewa rinin baba yana zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, kada a shanya a tsakiyar rana. Na rubuta wannan a 'yar takarda na soke a jikin kowane zane.

Maganar ciniki sai da na yi tunani a kanta. A Kwari in aka ce goma ka taya huɗu, a yi ta albarka har a haɗu a shida, kowa ya san wasan. Da farko haka na so yi a marina, na taya ƙasa sosai. Baba bai ce albarka ba, ya dai nuna mini hannunsa ya ce, "Hajiya, duba nan." Kunya ta kama ni. Tun daga ranar na tsayar wa kaina ƙa'ida: in a hannun mai yi nake saye, in tambayi kwana nawa aikin ya ci, in taya sau ɗaya don al'adar kasuwa, abin da ya faɗa na biyu in biya. A wurin mai shago da ya saro kuwa ina ciniki yadda na saba. Ina ganin ba daidai ba ne mu biya kuɗin leshi ba musu, sannan mu zo mu matse wanda ya yi mako uku a kan abu ɗaya. Araha ba ta ado, kuma arahar da muke nema a irin wannan wuri daga cikin tukunyar wani take fita.

Sauran ba su ba ni wahala ba. Faya-fayai da mafitai na ƙannena na same su wurin wata ƙungiyar mata masu saƙar kaba da ke haɗuwa a gidan shugabarsu duk Laraba. Kowane faifai da alamar mai shi a baya, ana cire kaɗan a zuba a asusun ƙungiya na sayen kaba da galura, saura a ba ta a hannu. 'Yar yayata da ta yi sauka kuwa na sa wani matashi mai zayyana ya zana mata irin adon allo a kan takarda mai kauri, aka sa a gilashi. Manyan yaran kuma littattafai na saya musu. Wata abokiyar aikina ta kai ni zaman karatu na wata ƙungiyar marubuta da suke yi wata-wata, inda kowa ke karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara. A bakin ƙofa akwai tebur da littattafan 'yan ƙungiyar. Wata marubuciya ta gaya mini yanzu da yawansu sun daina bugawa, sai dai su sayar ta WhatsApp, kuma kafin kwana biyu wani ya yaɗa shi kyauta. Na sayi biyar, ta sa hannu a nata, na kuma zuba wani abu a kwalin da suke tara kuɗin kujeru da wuta.

Da na zauna lissafi, na tarar kuɗin sun ɗan haura na bara, kayan kuma ba su kai na bara yawa ba. Ga kuɗin adaidaita sahu, don sau bakwai na shiga cikin gari, uku daga ciki da azumi a baki cikin zafin rana. Wanda ba shi da sararin wannan zirga-zirga ba zan ga laifinsa ba in ya tafi Kwari. Ni dai hutun makaranta ya taimake ni.

Hulunan sun fito ana saura kwana shida. Na kai su wanki da kaina, na dawo na ƙirga wa maƙwabciyata kuɗinta a tafin hannu. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce, "Malama, kin yi kuskure, sun yi yawa." Na ce ba kuskure. Ranar jajibere na ga yaranta biyar an dawo da su daga wurin tela kowa da ledarsa.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Autarmu ta buɗe nata ta ce, "Yaya, faifai kuma? Ni da nake jiran leshi?" Na fahimce ta, yarinya ce, ƙawayenta za su fito da sabon ɗinki, sai na ƙara mata kuɗin yadi. Hajiya kuwa ta daɗe tana shafa zanenta, ta ce rabonta da jin wannan ƙanshin tun kayan lefen yayarta. Da shi ta karɓi masu gaisuwar Sallah. Rana ta uku na kwashi yara zuwa Gidan Makama maimakon gidan zu da muka saba, muka biya kuɗin shiga, suka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da kayan yaƙi, ƙaramin cikinsu ya ƙi fita sai da aka yi masa alkawarin dawowa.

Gafaka ce kaɗai ba ta samu ba. Na je ana saura kwana huɗu, na tarar da dattijon kayan doki sun binne shi, linzami da ɗan goshi da majayi, na mahaya daga nan gari da Kazaure da Dutse. Ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Wannan ce kakarmu. Shekarar korona, 2020, da ba a yi hawa ba, sai da na sayar da akuyoyina." Ya nuna mini fatar an yanka, an rina, ɗinki ya rage. Ya ce zai iya haɗa mini ita a daren nan, amma ba zai so a sa Littafin Allah a cikin aikin gaggawa ba. Raina ya sosu, don Kawu nake son farantawa fiye da kowa, amma na ce ya yi a tsanake. Ranar Sallah da turare kawai na je gaishe shi.

Ran 9 ga Shawwal dattijon ya kira ni. Gafakar ja ce, da baƙin ado a bakin murfin, da igiyar rataya da aka kitsa da fata, ciki an shimfiɗa farar fata mai laushi. Na sami Kawu a zaure bayan la'asar yana azumin Sitta Shawwal. Na durƙusa na gaishe shi na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya sansana, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan. Bai ce komai ba ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ledar nan, ya kwance, ya daidaita warƙoƙin a kan cinyarsa, ya yi bisimilla ya zura. Suka shige cif, ba saura ba matsi. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ba shi awo?" Daga bayan labule matarsa ta yi dariya.

Ya sa mini albarka mai tsawo, har da mahaifinmu. Sannan ya ce, "Wa ya ɗinka?" Na faɗa masa sunan mutumin, da layin da yake zama a Kurmi, da yadda ya ƙi yin ta cikin gaggawa. Kawu ya gyaɗa kai, ya miƙo mini biro, ya ce in rubuta masa lambar wayar a bayan kalanda, limamin masallacinsu ma tasa gafakar ta mutu.